Sa Da Takarda, Gidan Gado Babu

A wannan fitowa ba farashi za mu taɓa ba, ba kuma yawan shingayen da ke tsakanin Paga da Kumasi ba, ko da yake su ma suna nan suna cin mu. Maganar gida za mu yi, wato gidan da iyaye suka bari a Zango, da filin da ke ƙarƙashinsa.

Duk wanda ya taɓa ɗauko shanu daga Fada Ngurma ko Bitu ko Jibo ya san yawan takardun da ke bin tirela ɗaya. Ga ta kasuwa, ga ta likitan dabbobi, ga ta kwastan, ga ta fita can, ga ta shigowa nan. A leda muke naɗe su mu sa a aljihun ciki, ko barci muke hannu na kai. Duk wannan fa saboda dabbar da ba lalle ta yi mako biyu a Mayanka ba wuƙa ta hau wuyanta. Amma a tambayi da yawanmu takardar gidan da aka haife mu, aka raɗa mana suna, aka ɗaura mana aure a ƙofarsa, sai ka ji an ce, "Haba, ai kowa ya san gidanmu ne." To, wannan "kowa" ɗin mutum ne, kuma kullum sai mun raka wani daga cikinsu makwanci. Tsofaffin da suka ga ranar da aka kafa harsashin gidajen Sabon Zango babu ko ɗaya yau, waɗanda suka ji daga bakinsu ma sun yi ƙaranci.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, daɗewa a gida ba ta mayar da shi naka, haka kuma sanin da jama'a suka yi cewa na ubanka ne ba ya tsare maka shi in ka yi nisa ka yi shiru. Abin da alƙali ke tambaya guda biyu ne: ta wace ƙofa ka shiga, kuma me za ka nuna. Mu da sana'armu ta tafiya ce, mun fi kowa bukatar sanin wannan.

Sai mu fara da abin da wasunmu ba su son ji. Ƙasar da Zango ke kai ba mu muka sare ta ba. Kakanninmu sun taru a nan ne bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar can, da kuma bayan Turawa sun ci Kumasi a 1896. Da Ingila ta haɗe Asante cikin mulkinta a 1902, sai ta riƙe filin da ke kewaye da ganuwar soja na tsakiyar gari ta ce nata ne, ita ke yanka fuloti ta ba mutane haya. Annobar da ta faɗa wa garin a 1924 ita ta sa aka rushe sashen tsohon Zango aka gina sabo. A 1943 aka yi dokar da ta mayar da filayen Kumasi hannun Sarkin Asante, sa'an nan bayan samun 'yancin kai gwamnati ta karɓi riƙon na tsakiyar gari da sunan amana ga Kujerar Zinariya. Shi ya sa har yau wani gidan takardarsa daga Hukumar Filaye take fitowa, wani kuma sai an bi ta fadar Manshiya da sarkin yankin. Ko ta ina aka bi dai, tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da filin sarauta sayarwa ta har abada. Abin da ke hannunmu haya ce mai tsawon shekaru, wadda muke kira lis. Gini namu ne, ƙasa ta masu ƙasa ce. Wanda ya fahimci wannan ba zai riƙa bugun ƙirji da "tun kakan kakana" ba, zai tashi ya nemo takarda ya duba shekarar da aka rubuta a kanta.

Yanzu ga maganar daɗewa, wadda ita ce ta fi ruɗa mutane, domin dokoki biyu ne ke yawo a kawunanmu kuma ba su zo ɗaya ba.

Abin da muka karanta a gaban malamai, cikin Risala da Muhtasar da Tuhufa, shi ne hauzi. Idan bare ya riƙe gida ko gona shekara 10 yana gini yana rushewa, yana cewa nasa ne, mai shi kuwa yana gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana amma ya yi gum, to in ya zo daga baya ba a sauraren da'awarsa. Tsakanin dangi da surukai kuwa shekara 10 ba ta isa, domin an san ɗan'uwa yana ƙyale ɗan'uwa saboda zumunci, sai abin ya kai kamar shekara 40. Da wannan alƙalan Kano da Sakkwato da Katsina ke aiki. Kuma malamai sun yi togaciya mai kyau: wanda aka san aro aka ba shi, ko haya, ko jingina, ko amana, ba shi da hauzi ko zai shekara ɗari. Haka nan ba a ƙirga wa yaro ƙarami, ba a ƙirga wa wanda tsoron mai iko ya rufe masa baki, ba a kuma ƙirga wa matafiyin da ya yi nisa.

Kotun Gana ba da wannan take aiki ba. Tata dokar ta 1972 ce, kuma shekara 12 ta yanka. In wani ya shiga filinka ba da izininka ba, ya zauna a fili ba a ɓoye ba, yana yi da shi kamar nasa, har shekara 12 ta cika ba ka kai ƙara ba, to ƙofar kotu ta rufe, haƙƙinka ma ya mutu. A wuri ɗaya dokokin biyu suka haɗu: wanda ya shiga da izini, ɗan haya ne ko mai gadi ko ɗan'uwan da aka ce "zauna kafin in dawo", zamansa ba ya zama mallaka muddin yana kan wannan izinin. Amma a wurin da ya fi shafarmu sun rabu. Dokar Gana tana yi wa yaro uzuri, tana yi wa mai taɓin hankali, tana yi wa wanda aka yi wa zamba aka ɓoye masa. Ba ta ce komai a kan wanda ke Maraɗi yana haɗa garke ba. Tafiya ba uzuri ba ce a wurinta. Kuma aike da baki, ko faɗa a ƙofar gida ranar Salla, ba ya tsayar da lissafin. Abin da ke tsayar da shi shi ne ka shigar da ƙara, ko ka karɓe wurin, ko shi mazaunin ya amsa a rubuce da sa hannunsa cewa wurin naka ne. Wani abu kuma ga masu turke da rumfa a gefen layin dogo ko bakin rafi: dokar filaye ta 2020 ta faɗa ƙarara cewa ba a mallakar filin gwamnati da daɗewa, ko shekara nawa aka yi.

Wanda ke ganin wannan zancen lauyoyi ne kawai, to ya tuna 1969. Ranar 18 ga Nuwamba gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana 14 su bar ƙasa. Cikin waɗanda suka hau motoci har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin Katsina ko Dogon Dutsi da idonsu ba. Wa ke da sukunin neman lauya cikin mako biyu? Wasu sun karyar da gidajensu a kuɗin da bai kai na bijimi biyu ba. Da yawa kuwa ba su sayar ba, makulli suka miƙa wa maƙwabci, ko yaron gida, ko surukin da ke da takarda, suka ce riƙe mini amana. Wasu masu riƙon sun cika amana har suka koma ga Allah, suka kuma gaya wa 'ya'yansu gaskiya, Allah Ya saka musu. Amma yau shekara fiye da 50 ke nan. Mai bayarwa ya rasu, mai karɓa ya rasu, shaidu sun rasu. Jikan wancan ya zo daga Zinder da labarin da kakarsa ta ba shi, jikan wannan ya fito da damin rasit na harajin gida da na wutar lantarki, duk da sunan ubansa. Ɗaya na cewa amana ce, ɗaya na cewa saye ne. Kuma abin tausayi, sau da yawa ba wanda ke ƙarya a cikinsu, kowa abin da ya taso ya ji yake faɗa.

A nan muna da magana ga ɓangarorin biyu. Kai da ke zaune, in har ka san a zuciyarka amana aka ba mahaifinka, shekara 12 ta kotu ba ta halatta maka komai a wurin Allah. Tun muna allo aka gaya mana azabar wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani, balle gida sukutum. Kai kuma da ka zo nema, kada ka zo da takobi. Wanda ya shekara 50 yana sauya kwanon rufi, yana yashe kwata, yana biyan haraji, ya tsare maka abin da da tuni ya zama kango ko wani ya haye. Yana da haƙƙin wahalarsa, kuma sulhun da bai lissafa wannan ba zalunci ne shi ma.

Yadda alƙalai ke auna irin wannan labari da labari, a nan ƙasar Asante aka kafa shi. Wata shari'a ce tsakanin Sarkin Atwima da mutanen Nerebehi a kan wani daji a Bonkwaso, wadda ta kai har kotun ƙoli ta Ingila mai sauraren ƙararrakin ƙasashen da ke ƙarƙashinta, aka yanke ta a 1957. Kowane ɓangare ya kawo tarihin kakanni tun daga wani tsohon yaƙi. Mai ƙara ya ce jingina kakansa ya bayar shekaru kamar 80 da suka wuce, yanzu ya zo fansa. Alƙalan suka ce tarihin baka yana iya sauyawa daga baki zuwa baki ba tare da kowa ya yi niyyar ƙarya ba, saboda haka ba a duba wanda ya fi iya zuba zance ko ya fi kwarjini a gaban kotu. Sai a ɗauki labarin kowa a gwada shi da abubuwan da suka faru a shekarun kusa waɗanda ke da shaida: wa ke riƙe da wurin, wa ke karɓar amfaninsa, wa ya tsaya da aka zo maganar iyaka. Masu riƙe da dajin suka ci. Har yau da wannan ma'auni kotunan Gana ke aiki. Ma'anarsa gare mu ita ce, labarin kaka komai daɗinsa ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai an jingina shi da wani abin da aka yi jiya ko shekaranjiya. Rasit ɗin harajin gida ba takardar mallaka ba ce, na kuɗin ƙasa da ake biya ofishin filayen sarauta ma haka, amma su ne sawun da ke nuna wa ke tafiya a wurin. In gidanku ne, to a biya da sunan mai gidan ko da sunan magadansa, kada a bar ɗan haya ya riƙa biya da nasa sunan don ya rage muku wahala.

Maganar iyaka kuwa, a Zango ba ta gona ba ce mai eka goma, ta taku uku ce. Lungun da tun fil azal jama'a ke bi, wani ya sa masa ƙofa. Wani ya ja kicin ya cinye rabin hanyar ruwa. Indararon wani na zuba a bangon wani. Wani ya dasa kwantena a gaban gida ya ce inuwar ubansa ce. A ƙasar Hausa da gamba ko aduruku ko bini-da-zugu ake yin iyaka, Asantawa kuma suna da itacensu da suke kira ntome, wanda duk manomin koko ya san ba a taɓa shi. A cikin gari ba itace, sai ginshiƙan siminti na safiyo masu lamba, su ma yawancinsu an binne su ƙarƙashin daɓe ko an tumɓuke su lokacin gyaran kwata. Kotu kuwa ba ta ba mutum filin da bai iya nuna farkonsa da ƙarshensa ba. Za ta nemi taswirar safiyo mai lasin wadda Hukumar Filaye ta amince da ita, za ta kuma so jin bakin maƙwabtan iyaka, gabas da yamma, kudu da arewa. Mu da ke gane saniyarmu cikin garken ɗari da tsagar kunne ko lambar cinya, bai kamata a ce ba mu san inda ginshiƙin gidanmu yake ba. Kuma safiyo a kira shi tun ana gaisawa da maƙwabci, a tsaya tare a ga inda ya kafa. Ranar da aka fara zage-zage, ko ma'aunin gaskiya ya kawo ba mai yarda.

Amma in za mu faɗi gaskiya, bare bai cinye mana gidaje kamar yadda muka cinye wa junanmu ba. Mahaifi ya rasu, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, an raba shanu da kuɗi da riguna a rana ɗaya, sai a zo kan gida a ce, "A bar shi tukuna, gidan gado ne, kada a ce muna jiran mutuwarsa." Wannan tukuna ɗin ita ke kai shekara 30. Babban wa yana karɓar haya, ba ya rubutawa, ba wanda ke iya tambayarsa don kunya. Ƙanen da ya sami ciniki ya ɗora bene a kan ɗakin uwarsa da kuɗinsa. 'Yan'uwa mata suna gidan aure a Tamale ko Wagadugu, ba a ko tuna da su sai ranar biki. Sa'an nan magada su fara mutuwa, rabon kowane ya sake rabuwa tsakanin nasa matan da 'ya'yan. Gidan da mutum 8 za su raba cikin awa ɗaya ya koma na mutum 60, wasu ba su taɓa ganin juna ba. Ranar da wani mai kuɗi ya zo yana son wurin don ya gina kantuna, ranar ake sanin ashe wutar ta daɗe tana ci a ƙasa.

Mu dai a ganinmu wannan kunyar ba ta addini ba ce. Allah da kansa Ya yanka rabon kowa, bai bar wa babban wa ba. Jinkirta rabo ba tare da yardar kowane magaji ba riƙe haƙƙin mutane ne, kuma galibi haƙƙin mata da marayu, su da ba su iya ɗaga murya a zaure. Ba muna cewa lalle a sayar da gida ko a ja bango a tsakar gida ba. Ana iya barin shi a haɗe. Amma a zauna, a kira malami, a fitar da rabon kowa a rubuce, a ce wance tana da kaza cikin kaza, a naɗa mai karɓar haya da sharaɗin zai kawo lissafi duk shekara. Ko dokar ƙasa tun 1985 ta ba 'yan gida ikon su tilasta wa shugaban iyali ya kawo lissafin dukiyar da ke hannunsa. Wanda kuma zai yi gini a gidan da ba a raba ba, a rubuta tun kafin ya sauke bulo ko ginin nasa ne, ko bashi ne a kan gida, ko kyauta ce ga kowa. In wani ya matsu zai sayar da rabonsa, shari'a ta ba abokan tarayyarsa shuf'a, su suka fi cancanta su saya kafin bare.

Akwai kuma wani rami da da yawa ba su san da shi ba. A wannan shekarar ta 1985 gwamnatin Rawlings ta kafa dokar gado mai lamba 111, wadda ta hau kan duk wanda ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. A ƙarƙashinta, in gida ɗaya mamaci ya bari, na matarsa ne da 'ya'yansa a haɗe, kuma ba ta bambanta namiji da mace. Mu a Zango malamai ke raba mana, kuma muddin kowa ya yarda ba mai shiga tsakani. Amma ran da magaji ɗaya ya ƙi, ya ɗauki lauya, alƙali ba Risala zai buɗe ba, lamba 111 zai buɗe. Maganin wannan yana hannun mai gida tun yana da rai: ya rubuta wasiyya bisa dokar wasiyya ta 1971, ya ce a raba dukiyarsa yadda shari'ar Musulunci ta tsara, ya sa hannu gaban shaidu biyu a zama ɗaya, kuma shaidun kada su kasance cikin masu cin gadon. Wasu na cewa rubuta wasiyya kiran mutuwa ne. Mu da ke kwana a bayan tirela tsakanin ƙahonni daga Bawku zuwa Kumasi, a kan wannan hanya da muka sani, ba takarda ce za ta kira mana ita ba.

Sai batun lis da muka ambata a baya. Lissafi ne mai sauƙi: wanda aka rubuta na shekara 99 a 1925 ya cika a 2024, na shekara 50 da aka yi a 1970 ya cika tun 2020. Gidaje nawa ne a unguwanninmu wa'adinsu ya wuce masu su ba su sani ba? Dokar 2020 ta bambanta mutane wajen sabuntawa. Ɗan asalin yankin da ya gina wurin ana sabunta masa kai tsaye. Ɗan Gana wanda ba ɗan yankin ba yana da haƙƙin sabuntawa sai in takardarsa ta faɗi akasin haka. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ba shi da wannan haƙƙi sai in an rubuta masa shi a ciki, kuma tsarin mulki bai yarda a ba shi fiye da shekara 50 a lokaci ɗaya ba. Wannan ya shafi gidajenmu ƙwarai, domin a gida ɗaya za ka tarar wa yana da katin Gana, ƙane na Nijar, 'yar'uwa na Nijeriya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu shiga da fita na kwana 90 ba biza, ba ta ba kowa ƙasa ba. Saboda haka a san sunan wa za a sa, kuma in an sa sunan mutum ɗaya a madadin saura, a rubuta a wata takarda cewa riƙo yake yi wa su wane da wane. In ba haka ba, an sake shuka irin ta 1969 da hannunmu.

Masu sayen sabon fili a bayan gari, don gida ko don garke, su ma su kula. 'Yar takardar da sarki ke bayarwa bayan an kai kuɗin goro matakin farko ce kawai, kotu ba ta ɗaukar ta a matsayin mallaka. Sai an bincika a Hukumar Filaye ko an riga an ba wani, an yi taswira, an yi lis, an yi rajista. Mun ga abin da ya faru a Agogo, inda wasu masu shanu ke da yarjejeniya da masarauta, amma a 2012 babbar kotun Kumasi ta ba da umarnin a fitar da shanu daga yankin. Kuma duk takardar Turanci da za a miƙo maka ka dangwala, ka sa a karanta maka ita da Hausa, a rubuta a ƙasa wanda ya karanta ya fassara. Tun 1912 akwai dokar da ke kare wanda bai iya karatun boko ba a kan wannan, amma gara ka ji abin da ke ciki tun kafin ka dangwala da ka je kana rantsuwa daga baya. Tsofaffin takardun ajami da na Larabci da ke cikin adakar iyaye kuwa kada a raina su. A ɗauki hotonsu, a sa wanda ya iya ya fassara, domin sau da yawa a cikinsu ake samun sunayen shaidu da shekarar da aka yi abu.

Mun san abin da wasu dattawa za su ce, kuma ba mu raina shi ba. Za su ce wannan sana'a da amana aka gina ta. Baƙo ya kawo shanun miliyoyi ya damƙa wa maigida, mahauci ya ɗauka bashi, ba takarda ba sa hannu, kuma kuɗi su fito. In ka ce wa ɗan'uwanka ya sa hannu, ka nuna ba ka yarda da shi ba ke nan. Gaskiya ne amana ce jarinmu. Amma bashin sa kwana nawa yake yi? Mako biyu, wata ɗaya, kuma mai bayarwa da mai karɓa da dillali duk suna raye, suna haɗuwa a kara kowace safiya, wanda ya ci amana gobe ba mai ba shi ko akuya. Amanar gida kuwa tana wuce ran masu ita, ta faɗa hannun waɗanda ba su san juna ba, ba su kuma jin kunyar juna. Takardar ba don kai da ɗan'uwanka ake yin ta ba, don jikokinku ne. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, ga mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Masu cewa safiyo da lauya da rajista akwai tsada, ba mu musa ba, akwai tsada, akwai kuma jeka-ka-dawo. Sai dai a gwada da shari'ar fili, wadda ke iya shekara da shekaru ana ɗagawa, kowane zama sai ka bar kasuwa, ka biya lauya, ka ɗauko shaidu. Mun ga gidan da aka sayar da shanun gado kaf don a biya shari'ar gidan gado, daga ƙarshe aka sayar da gidan ma.

Abin da muke roƙon shugabannin ƙungiya shi ne a buɗe littafi guda a ofis, kamar yadda muke da na bashi. Duk ɗan ƙungiyar da zai bar gida ko ɗaki ko fili a hannun wani, su zo tare, a rubuta wane ya bar wa wane wuri kaza, aro ne ko haya ko jingina ko riƙo, daga yaushe, da shaidu biyu, kowa ya sa hannu ya tafi da kwafinsa. Duk shekara biyu ko uku, in mai wurin ya shigo da kaya, a sake sa hannu a ƙarƙashin na farko. Wannan sa hannun shi ne amsawar da muka ce tana tsayar da lissafin shekara 12, kuma ba ya cin ko kuɗin buhun dusa. In rigima ta taso tsakanin 'yan ƙungiya, a fara kai ta gaban Sarkin Zango da limamai da dattawan kara, abin da aka sasanta a rubuta shi a sa hannu a wurin kafin a shafa fatiha. Masu zuwa taro na gaba kuma muna roƙon kowa ya buɗe adaka kafin ya taho, ya zo da kwafin duk takardar da ya samu ta gidansu, ko rasit ɗaya ne, za a sami wanda zai karanta masa shekarar da ke kai.